Sabulun Kanumfari da Askar Baba Ari

Akwai wata magana da kuka taso kuna ji a gidanmu, wai tsohon wanzaminmu Baba Ari ido ne ya gaza masa, ya yanki kakanku Alhaji, shi ya sa aka canza shi. Kwanan baya har Hadiza na ji tana ba 'ya'yanta labarin tana dariya. Ban ga laifinta ba, abin da ta ji daga manya ke nan. To, ba haka aka yi ba. A gabana aka yi, kuma hannuna na ciki dumu-dumu. Yanzu da na ajiye alli, gwiwa kuma ta hana ni yawo, gara in rubuta muku shi yadda yake.

Ku da kuke zuwa shagon aski ku zauna gaban madubi inji na kuka a kunnenku, da wuya ku gane abin da ake nufi da wanzamin gida. A unguwar Zango ta Damagaram inda na taso, kowane gida da wanzaminsa, kuma gado ne. Uban Baba Ari shi ya yi wa Alhaji askin suna. Baba Ari shi ya yi mini nawa, shi ya cire mini beli, shi ya yi mini kaciya, idan kuma jiki ya yi wa Alhaji nauyi shi ke zuwa ya kafa masa ƙaho. Wani wanzami ba ya taka gidan da ba nasa ba sai da izinin mai shi. Asalinsu mutanen Tirmini ne, can gonarsu take, amma a Zango ya ci ƙuruciyarsa har furfura ta fito masa. Gajere ne, baƙi, haƙoransa jajur da goro, bakinsa ba ya hutawa. Kowace Juma'a da hantsi sai ka ji sallamarsa a ƙofar zaure, zabira rataye a kafaɗa. Ya zauna, ya wasa aska a jikin fata, a kawo masa ruwa a ɗan ƙoƙo. Sabulun salo yake gutsura kaɗan, ya murza a tafin hannu, ya shafa a kai har gashi ya yi laushi, ba kumfa ba komai. Babban yatsansa na hagu yana gaba yana lalube, aska tana biye. Alhaji yana da wani ɗan ƙululu a bayan kunnen hagu, bai wuce ƙwayar wake ba. Shekara talatin Baba Ari yana kewaye shi da aska yana ba da labarin kasuwa, ko sau ɗaya bai taɓa ƙwarzanarsa ba.

Tun da na fara koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ya daina kirana Isufu, sai Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, da wata irin murya da ba ka san girmamawa ce ko tsokana ba. Idan na miƙa masa kai sai ya ce:

"Ashe kan da ya sha boko ma gashi yake fitarwa kamar na kowa. Sunkuya, Mushe."

Shekarar da mahaifiyarku take da cikin babban yayanku Abba aka tura ni Yamai ƙaro ilimi na 'yan watanni. Can na ga abin da ya jawo mini duk wannan. Wani abokin kwanana yana aske gemunsa da kansa kowace safiya, da lam, wato reza, da ɗan burushi mai laushi da wani sabulu a gwangwani mai faɗi. Ranar da ya buɗe shi a gabana ɗakin duka ya ɗauka. Kanumfari ne a gaba, sai citta, sai wani abu mai kama da kirfa, a ƙarshe kuma ɗan yaji-yaji da ke tsikarar hanci. Ya ce in gwada. Na jiƙa burushi, na juya shi a cikin gwangwanin yadda ya nuna mini, kumfa ta taso fara fat, mai kauri kamar kindirmo. Da na shafa sai na ji fuskata ta ɗauki ɗumi, lam ta bi ta wuce sumul. Na wanke, na shafa kumatu, na yi ta shafawa kamar na wani. Ranar har azahar ina sunsuna tafin hannuna. Ban yi kwana biyu ba na je butik ɗin wani Balarabe na sayi nawa, har da burushi. Ba zan zalunci sabulun ba, mai kyau ne. An yi shi ne don mai madubi da lam, wanda yake ganin abin da yake yi da idonsa. Ni kuwa a lokacin gani nake duk abin da ya fito daga gwangwani ya fi wanda aka dafa a tukunya, kuma duk wanda bai san shi ba yana bukatar in koya masa.

Na dawo Damagaram da kwana huɗu aka haihu. Suna ya faɗo ranar Lahadi, don haka Juma'ar da ke gabansa gida ya riga ya cika. Surukaina sun iso daga Dogo, Baffa Sale ƙanin Alhaji yana nan, ga abokan aikina biyu da suka zo barka. Ɗan fari ne, ya kamata a ce ina can ina ɓuya don kunya kamar yadda kowane saurayi yake yi. Ina! Ina tsakiyar zaure da wandon Yamai, ina ba da labarin gadar kogi.

Baba Ari ya yi sallama, ya yi barka, ya zolayi surukaina, ya baje kayansa. Alhaji ya cire hula ya matso. Sai na tashi na shiga ɗaki na ɗauko gwangwanin, na buɗe shi a tsakiyar mutane. Kowa ya ce a miƙo masa ya sunsuna. Da ya zo hannun Baba Ari ya kai hanci, ya yi atishawa, ya ce:

"Mushe, wannan ai yajin mai jego ne. A kai cikin gida, can ake bukatarsa."

Zaure ya fashe da dariya, har abokan aikina. Dariyar nan ita ta hau mini kai. Na ce sabulun aski ne, da shi manyan mutane suke aski a Yamai, kuma yau da shi za a yi wa Alhaji. Na jiƙa burushi na tayar da kumfa ina nuna musu. Baba Ari ya lakato kaɗan ya murza tsakanin yatsunsa. Fuskarsa ta canza, ya rage murya yadda ni da Alhaji kawai za mu ji.

"Ɗana, abin nan da santsi, kuma zai rufe mini kai. Ni da yatsa nake gani. Ka bari in gwada shi a kanka wata Juma'ar, in san halinsa."

Magana ce ta mai sana'a, kuma ya kira ni ɗansa, abin da ya daɗe bai yi ba. Amma ni abin da na ji kawai shi ne ana so a mayar da ni yaro a gaban surukai. Na ɗaga murya na ce:

"Haba Baba, shekara nawa kana riƙe da aska, kumfa ce za ta ba ka tsoro?"

Kun san wanzami da maganar tsoro. Ba a faɗa masa ita a gaban mutane. Ya dubi Alhaji. Alhaji mutum ne da ba ya son ya kunyata ɗansa a bainar jama'a, balle a satin da ya ba shi jika. Ya yi murmushi ya ce, "Ari, yi masa abin da yake so, mu ma mu ji ƙamshin Yamai." Ni da hannuna na laɓta wa Alhaji kumfar nan, tun daga goshi har ƙeya, har kunnuwansa suka ɓace. Na ja da baya ina kallon aikina ina jin daɗi.

Baba Ari ya yi bisimilla ya fara. Ba labari ba tsokana, abin da ban taɓa gani ba. Ya gama gefen dama lafiya, a hankali, yana sharce kumfa yana yarfarwa. Da ya koma hagu gumi ya fara sauko masa, ya kai bayan hannu ya goge ido, ashe da kumfa a jiki. Na ga idon ya kaɗa ya yi ja, hawaye na zuba, yana ƙifce-ƙifce. Ni kaɗai nake tsaye ta wajen, ni kaɗai na gani. Da na ce a dakata a ba shi ruwa, da shi ke nan. Ban ce ba, don kada a ce sabuluna yana da aibu. Shi kuma ba zai ajiye aska a tsakiyar kai ya ce idonsa na yaji ba, bayan abin da na faɗa masa. Yatsansa ya je neman ƙululun, ya zame a kan santsi, aska ta riga shi isa.

Jinin kai ba ya fita da kunya. Nan take kumfar ta rine, jinin ya bi wuyan Alhaji ya sauka a farar rigarsa ta Juma'a. Sabulun ya shiga ciwon, Alhaji ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba, dattijo a gaban surukan ɗansa. Mata suka leƙo daga cikin gida. Baba Ari ya danne wurin da yatsa, ya ciro garin magani daga zabira ya barbaɗa, yana tofi. Jinin ya tsaya kafin a kawo ruwa, don wannan aikinsa ne kuma ya iya. Amma abin da aka gani an riga an gani. Baffa Sale, wanda dama bakinsa ya fi hankalinsa sauri, ya ce:

"Ku dubi idonsa yana ta ruwa. Wallahi idon Ari ya tafi, ana ta rufa masa asiri ne kawai."

Baba Ari ya ɗago jajayen idanun nan ya dube ni. Ba kallon tuhuma ba ne, kallon wanda ya tabbata za a yi magana ne, yana jira kawai. Surukaina ma ni suke kallo, abokan aikina ma haka. Ga gwangwani a hannuna. Na buɗe baki, ga abin da ya fito:

"Ni ma tun ɗazu na lura hannunsa yana rawa."

Wannan ita ce maganar. Ba wanda ya matsa mini, ba wanda ya sa mini ita a baki. Baba Ari ya sunkuyar da kai. Ya wanke kan Alhaji tas da ruwa, ya ƙarasa askin da sabulun salonsa, hannun nan ko motsi ba ya yi. Ya nannaɗe kayansa, ya ba Alhaji haƙuri, ya fita. Goron da aka ajiye masa ma bai ɗauka ba.

Kafin la'asar maganar ta gama cikin gida. Inna, mahaifiyata, ta ce ita ba za ta miƙa kan jariri ɗan kwana bakwai ga hannu mai rawa ba, kakar yaron ta wajen uwa ta ce ko ita. Ba laifinsu ba ne, ɗan boko ya faɗa, kuma a gabansa aka yi. A al'ada wannan hukuncin na Alhaji ne, uban ɗan fari ba ya da baki a sha'anin suna. Amma bayan sallar la'asar Alhaji ya kira ni ɗakinsa, ni kaɗai, kansa ɗaure da ƙyalle.

"Isufu, matan nan sun tayar da hankali. Kai kake tsaye kusa da shi. Me ka gani?"

Yau na san ƙofa ce ya buɗe mini, ba kowa, daga ni sai shi. Amma da na faɗi gaskiya, dole gobe a fita a faɗa wa Inna da Baffa Sale da mutanen Dogo cewa Mushe ya yi ƙarya a zaure. Na auna wannan da wancan, na zaɓi kaina. Na ce lafiyar yaro ita ce gaba, a nemo wani. Alhaji ya kalle ni, ya ce, "To."

Aka aika wa wani wanzami mai suna Lawali. Shi kuma, kamar yadda sana'arsu ta tanada, bai zo ba sai da ya je wajen Baba Ari neman izini. Daga baya Lawali ya gaya mini cewa tsohon bai tambaye shi dalili ba. Cewa kawai ya yi, "Je ka, na ba ka gidan. Ka kula da bayan kunnen hagu na Alhaji." Ranar suna da sassafe Baba Ari ya zo, ba zabira a kafaɗarsa. Ya zauna a waje cikin jama'a kamar kowane baƙo, aka raɗa wa yaro sunan Alhaji, ya shafa fatiha tare da kowa. Lokacin da aka fito da Abba za a yi masa aski, na duba inda yake zaune, ba ya nan.

Abin da ban yi lissafinsa ba shi ne sauran gidaje. Ni a zatona gidanmu kaɗai zai rasa, kuma bayan an kwana biyu a shirya. Amma wanzamin da aka ce hannunsa na rawa, wa zai ba shi ɗansa kaciya? Wa zai buɗe masa bakin jariri? Kuma ba wani ne ya faɗa ba, gidan da suka yi wa aiki tun kakanni ne suka sallame shi a satin suna. Gida ɗaya bayan ɗaya suka janye, kowa da uzurinsa mai daɗi. Sai 'yan tsofaffi biyu uku da suka ƙi sakinsa. Da ruwan farko ya sauka ya ce zai je Tirmini shuka. Aka yi girbi bai dawo ba, ɗakinsa na Zango aka ba wani.

Alhaji bai taɓa yi mini faɗa a kan wannan ba, da ma ya yi. Wata Juma'a, bayan Lawali ya gama ya tafi, yana shafa kansa ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ni ne mai kan. Ranar nan ban ji hannun Ari yana rawa ba."

Ya sa hularsa ya tafi masallaci. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Ni kuma aka mayar da ni Dogo da aiki, na samu abin fakewa. Tirmini ba wata tafiya ba ce, mai keke ma yana zuwa ya dawo a yini. Kowane hutu sai in ce wannan karon zan je. In hutu ya zo, sai rashin lafiyar ɗayanku, ko gyaran soro, ko zafi ya yi yawa. Haka na yi shekara goma sha biyu.

Rasuwar Alhaji ce ta tayar da ni. Baba Ari ya aiko babban ɗansa Mamman gaisuwa, ya ce a ba mu haƙuri, shi yanzu ido ya tafi da gaske. Bayan sadakar arba'in na sayi goro da sukari da ganyen shayi da yadi biyar na farin ƙyalle, na shiga motar kasuwa. Duk hanya ina tsara maganar a raina, yadda zan fara da yadda zan ƙare.

Na same shi a rumfar kara a ƙofar gidansu, yana tufkar igiya da lalube. Ya rame, ya ƙara gajarta. Sallamata kawai ya ji ya saki igiyar.

"Mushe! Mamman, ɗauko sabuwar tabarma, baƙon birni ne."

Aka shimfiɗa mini kusa da shi. Ya yi mini gaisuwar Alhaji, ya yi kuka, na yi. Sannan ya ce in cire hula. Ya ɗora hannu a kaina, babban yatsan nan yana bi a hankali daga goshi zuwa ƙeya.

"Wa ke maka aski yanzu?"

Na ce inji ne, a shago. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi ya sa kan ya zama kamar gonar da jaki ya yi kiwo. Maƙwabta suka ji an yi baƙo suka taru, dattawa biyar ko shida. Aka kawo fura. Muka yi maganar damina, da tsadar gero, da mutanen Zango waɗanda suka mutu da waɗanda suka rage. Ya tambaye ni Abba, na ce yana lakwal, ya kusa kai ni tsawo. Sai ya ce:

"Kansa irin na Alhaji ne ko irin naka? Shi ne na farko a zuriyar nan da ban taɓa ba."

Na buɗe baki zan faɗi maganar da na zo da ita. Na dubi dattawan nan, duk sun zuba mini ido, ana ta ce mini Mushe, Mushe. Na ce a raina ba a gaban mutane ba, sai na dawo mu biyu. Ni da na yi ƙaryar a gaban mutane. Na haɗiye ta, na ce irin na Alhaji ne.

Da motar komawa ta yi hon na tashi. Ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya ƙi saki.

"Ba ka manta da komai ba, Isufu?"

Na laluba aljihu kamar wawa, na ce ban manta da komai ba, Baba. Ya ce to Allah ya kiyaye hanya, a gaida su Inna.

Bayan girbin shekarar nan ya rasu. Labarin ya iske ni a Dogo da kwana biyu, na je gaisuwa ran uku. Na jira har jama'a suka ragu, ya rage ni da Mamman a rumfar. Na faɗa masa duka, sabulun, da kumfar da ta shiga ido, da abin da na ce a zaure, da abin da na ce wa Alhaji. Faɗar ba ta yi wuya ba ko kaɗan, wannan ya fi komai ƙona mini rai. Mamman ya saurara har na gama, yana zane a ƙasa da tsinke.

"Bai taɓa gaya mana ba, Mushe. In an ce ido ne ya raba shi da Zango, cewa yake yi ido ne. Ni dai abin da na sani, ranar da ka zo, bayan motarku ta tashi yana nan zaune a rumfar. Na zo zan naɗe tabarma, ya ce in bari. Ya ce, 'Yaron nan da magana ya zo, ya koma da abarsa. Bar masa tabarmarsa a nan, zai dawo.' Kullum da safe sai ya lalube ta ya ji ko tana nan. Ba mu ɗauke ta ba har ya cika."

Na sunkuya na duba. A kanta nake zaune.